Mai-Rataya a Alkukin Barmo

Da sunan Wanda ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa takwas, ya nuna wa kowanne hanyar abincinsa, nake buɗe wannan labari. Ni ce Tabawa 'yar Barmo, mutuniyar Birnin Kalgawai a Ƙasar Rana-Biyu, inda rana ta fari ke fitowa daga gabas, ta biyu ta biyo ta daga kudu, kowane mutum yana yawo da inuwa biyu. Na taka fadamar da ke haɗiye mai tsayuwa, na zauna wata huɗu a kurmin da itatuwansa ke tafiya, na dawo da abin da bai wuce ƙwayar dawa ba. Mai neman labari mai sanyi ya nemi wata ta ba shi, domin ni har yau da nake rubuta wannan raina a ɓace yake.

A tsakiyar birninmu akwai Zauren Sunaye. Duk halittar da ke ƙasar, daga giwa har ƙuma, sai an siffanta ta a can, an shigar da ita babban kundi, kafin a yarda tana da suna. Masu wannan aiki su ake kira masiffanta. Kowannensu yana da alkukinsa, wato ɗan gurbi a jikin bango, da sunansa sassaƙe a ciki, nan yake ajiye alƙalami da tawada. Ban taɓa ganin wuri mai tsabtar zauren nan ba. Safe da yamma ake share shi sama da ƙasa, malamansa kuwa sun fi alfahari da ƙyallin daɓensu fiye da abin da ke cikin kundinsu.

Ina da shekara bakwai mahaifina Barmo, wanda masiffanci ne, ya dawo daga Kurmin Yawo da akwatin gwangwala, ya ce ya samo gizo-gizon da babu shi a kundi. Al'adar zauren ita ce mai kawo sabuwar halitta ya miƙa akwatinsa a bakin ƙofa ya zauna a waje, malamai su buɗe a ciki su yanke hukunci, wai don kada ya ruɗe su da daɗin baki. Baba ya miƙa ya zauna. Kafin azahar aka fito aka ce gizo-gizon rumbu ne, irin wanda ke kowane ɗakin hatsi, ya kamo a gidansa ya zo neman suna da ƙarya. Aka ƙone akwatin a gabansa ba tare da an bar shi ya leƙa ba, aka karya alƙalaminsa, aka kankare sunansa daga alkuki. Wanda ya karya alƙalamin shi ne Malam Nomau, abokin karatunsa, wanda daga baya ya zama Magajin Zaure.

Baba bai yi musu ba, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai. Ya koma tukar igiya a bakin kasuwa, shekara ashirin da bakwai, masu wucewa suna kiransa Barmo mai gizo-gizon rumbu yana amsawa. Ni kuwa na tono takardunsa daga tulun da ya binne su a bayan ɗaki, na koyi aikin a ɓoye daga rubutunsa. Ranar da na ga ya tsiyaye ruwa a ƙasa yana zaton ƙwarya ce a gabansa, na san ganinsa ya kama hanyar tafiya. Na ce masa zan je kurmin in kawo abin da zai wanke shi tun yana iya gani. Ya ce in bar abin da ya wuce. Na ce ni bai wuce mini ba. Na ɗauki madubinsa mai ƙara girman abu, na fita ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Kwana goma sha ɗaya na isa Fadamar Haɗiya. Ƙasarta tana ɗaukar mai tafiya, amma duk wanda ya tsaya wuri ɗaya gwargwadon numfashi uku sai ta fara shanye shi daga idon sawu. An gaya mini wannan, na kuma ji da kunnena. Amma da na haɗu da wani dattijo mai furfura a tsakiyar fadamar, tarbiyyar Kalgawai ta riga hankalina, na durƙusa ina tambayarsa gida da iyali da gajiya. Ban kai ga tambayar aiki ba na nutse har cinya. Dattijon ya dinga kewaya ni da sauri yana zagin ladabin mutanen birni, sannan ya kwance rawaninsa ya jefa mini, ya ja ni yana tafiya da baya. Takalmana suna can ƙarƙashin ƙasa har yau.

A bakin kurmi kuma aka kama ni. Na ajiye madubin a kan busasshiyar ciyawa ina cire ƙaya, rana biyu suka haɗu a cikinsa, wuta ta tashi ta ci rabin shingen sarkin wurin. Aka yanke a fasa madubin a mayar da ni fadama a ɗaure. Na roƙi a bar ni in nuna amfaninsa sau ɗaya. Na matsa kusa da sarkin, wani mutum mai gemu har cibiya, na tsinko abin da na daɗe ina gani yana yawo a ciki, na ɗora masa a tafin hannu na kara madubin. Da ya ga ƙwarƙwata ta kai girman akuya tana motsa ƙafafu, sai ya jefar da ita ya kira wanzami. Kafin la'asar gemun ya sauka, an yafe mini shingen, an kuma haɗa ni da wata tsohuwa mai ɗiban zuma, Iya Tsahara, ta shiga da ni kurmin.

Itatuwan Kurmin Yawo kowace safiya suke zare saiwoyinsu su nufi inda ruwa zai sauka. Hanyar jiya babu ita yau, saboda haka taswirar da Baba ya zana ba ta amfana mini komai ba. Mutanen wurin bishiya ɗaya suke zaɓa su zauna a tsakanin manyan saiwoyinta, ta tafi da su duk inda za ta. Da muka zauna a tamu na kwashe labarin Baba na gaya wa Iya Tsahara, na siffanta mata abin da ya rubuta. Ta dube ni, ta yi dariya har ta share hawaye.

Ta ce, “'Yata, Mai-Rataya kike nufi? A kanta aka tozarta ubanki? Ai ga ɗaya nan kusa da ƙafarki.”

Na kasa dariya. Shekara ashirin da bakwai mutum yana tukar igiya kansa a sunkuye, a kan abin da mai ɗiban zuma ke tsallakewa kullum. Na kwanta rubda ciki na kara madubin, abin da na gani kuwa ya tsinka mini zuciya. Girmanta ƙwayar dawa, cikinta a dunƙule, launin ƙasa-ƙasa. Idanu takwas, huɗu sama huɗu ƙasa. A ƙafarta ta baya akwai jerin gashi mai kama da matsefi, da shi take jefa zare a kan abin da ta kama. Duk wannan gizo-gizon rumbu yana da shi, gashi da gashi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: yini guda na zauna a gindin bishiyar nan ina zargin mahaifina da ƙarya, kamar kowane shashasha na bakin kasuwa.

Washegari Iya ta ce na cika kallon mai gida, in ɗaga kai in kalli gidan. Na kalla. A sama zaren a cukurkuɗe yake kamar na kowane gizo-gizon lungu, amma a tsakiyarsa ga busasshen ganye guda a naɗe, yana reto a iska, ita ta jawo shi daga ƙasa ta mayar da shi ɗaki. Daga cukurkuɗin nan zaruruwa suka sauko a miƙe, a ɗame, aka kafa su a jikin saiwa, kowanne da ɗigon danƙo a gindinsa. Ina kallo tururuwa ta taho ta taɓa ɗaya. Zaren ya tsinke daga ƙasa ya fizge ta sama, ta rataya tana wutsil-wutsil, mai gidan ta fito daga ganyenta a hankali ta ɗauke ta. A lokacin da ta juya ciki sama na ga ɗigo biyu farare a ƙarƙashin cikinta, waɗanda ba sa ganuwa sai tana rataye. Gizo-gizon rumbu bai taɓa ɗaga ganye ba, bai taɓa kafa tarko a ƙasa ba, ɗigon nan kuma ba shi da su. Na kifa fuskata a saiwa na yi kuka, na nemi gafarar Baba daga nesa.

Wata huɗu na yi ina aikin. Na duba gidaje sittin da uku, babu wanda ba shi da ganye. Na auna zaruruwan da tsinke, na ƙirga su, daga bakwai zuwa goma sha biyu. Na samo namijin, bai kai rabin macen ba, yana raɓe a gefen saƙar kamar baƙon da ba a yi wa tayin abinci ba. Na zana jakar ƙwanta, mai launin toka, wadda take ratayewa a cikin ganyen. Sannan na lallaɓa wata mace ta yi gidanta a cikin akwatin gwangwala, da ganyenta da tarkonta cif. Na ɗora akwatin a ka na keta fadamar nan ban karkata shi ba, ban kuma gaida kowa ba, babba ko yaro.

Na tarar da Baba ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Na makara, na kuma san na makara. Na ɗora hannunsa a kan murfin akwatin. Da safe na miƙa akwatin da takarduna a ƙofar Zauren Sunaye, na zauna a kan dakalin da Baba ya zauna a da.

Kafin azahar Magaji Nomau ya fito da malamai a bayansa, ya tsufa ya yi ƙiba. Ya ce sun duba, gizo-gizon rumbu ne, ƙaryar uba ce 'ya ta gada, a kawo wuta. Aka ɗauko akwatin za a ɗora a kan garwashi. Ban san lokacin da na tashi ba. Na bangaje mai riƙe da shi, na fizge, na buɗe murfin a gaban kowa. Ciki fes. Babu zare ko ɗaya, babu ganye, an goge gwangwalar har tana sheƙi. Mai-Rataya tana can a kusurwa ta dunƙule ƙafafunta don tsoro, ba ka bambanta ta da kowane gizo-gizo a duniya.

Na tambaya da ƙarfi wa ya taɓa mini akwati. Wani tsoho mai doguwar tsintsiya ya matso, Baba Anaruwa Sarkin Shara, fuskarsa a sake, yana jiran godiya.

Ya ce, “Ni ne, 'yar nan. Ai ba a shigar da abu gaban malamai da ƙazanta. Duk yanar gizo ce a ciki, har da wani mataccen ganye. Na ce kada a yi miki dariya. Na mahaifinki ma ni na gyara masa, nasa ya fi naki datti.”

Na so in shaƙe tsohon nan, amma da na dubi idonsa na ga alheri ya yi nufi, sai fushin ya rasa inda zai sauka ya juya kan masu manyan riguna. Na ce musu shekara nawa suna hukunta halitta bayan an rushe mata gida, babu wanda ya taɓa tambayar me ke cikin akwati kafin tsintsiya ta shiga. Na ce sun karanta takarduna, sun ga na rubuta ganye da tarko, ba su gani a akwati ba, maimakon su tambaya suka kira wuta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Magaji ya murtuƙe fuska ya ce zaure ba ya sake hukunci don ihun 'yar mai tukar igiya. A nan ne Baba Anaruwa, wanda sai yanzu ya gane abin da hannunsa ya yi, ya ajiye tsintsiyarsa a ƙasa ya zauna a kanta, ya ce shi da mutanensa ba za su sake sharar zauren ba sai an saurare ni.

Yini ɗaya da rabi malaman suka iya jurewa. Da ƙura ta fara nuna sawun takalmansu a daɓe, Magaji ya aiko aka kira ni. Ya ce ya ba ni kwana uku abin nawa ya sake saƙa gidansa a cikin zauren inda kowa zai gani, amma za a ci gaba da shara safe da yamma kamar kullum, domin ba za a canja al'adar zaure saboda ƙwaro ba. Yana faɗa yana murmushi, ya san babu saƙar da za ta kwana.

Na ce na yarda. Na bi bango da ido har na sami abin da nake nema. A al'adarsu alkukin wanda aka kankare sunansa tsintsiya ba ta taɓa shi, a bar shi da dattinsa don a riƙa ganin abin kunya. Na je alkukin Baba, ƙurar shekara ashirin da bakwai a kwance a ciki, na saki Mai-Rataya, na ajiye busasshen ganye a ƙasan gurbin. A alkukin da ke kusa, na wani da aka kankare tun kafin a haife ni, akwai gizo-gizon rumbu na gaske yana zamansa. Shi ma na ajiye masa ganye irin wancan. Magaji ya buɗe baki zai hana, ya tuna dokar tasu ce, ya rufe.

A safiya ta uku na riƙo hannun Baba na kawo shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ba a yarda ya shiga ba, sai da na ja shi. Zauren ya cika. A alkukin maƙwabci ganye yana nan kwance inda na ajiye shi. A alkukin Baba kuwa ganyen yana reto a iska, zaruruwa tara a kafe a ƙasa suna ƙyalli. Baba bai ga ko ɗaya ba. Ya tsaya fuskarsa na kallon bango, ya fara karanto siffar daga ka, yadda ya rubuta ta tun ina shekara bakwai, ni kuma ina riƙe wa malamai madubi suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan tarkon ya ce a saki tururuwa. Baba Anaruwa da kansa ya kawo ta a kan tsinke. Ta taɓa zare, ta tashi sama, zauren ya ɗauki salati. Baba ya juyo wajena ya tambaya a hankali ko ta rataya. Na ce ta rataya, Baba.

Kada mai karatu ya zaci an nemi gafara. Magaji Nomau ya gyara murya ya ce zaure bai yi kuskure ba, tsintsiya ce ta yi, kuma za a duba batun Sarkin Shara. Na ce in aka taɓa tsohon nan sai na ƙirga musu alkukan da ba a sharewa da babbar murya. Na riga na ƙirga su, goma sha tara ne, masu su duk sun mutu da sunan maƙaryata in ban da Baba. Ya bar maganar. Aka kawo sabon alƙalami aka sa wa Baba a hannu, ya shafa shi ya miƙo mini, domin ba ya ganin takarda. Aka tambaye shi sunan da zai raɗa mata, ana jiran ya sa nasa kamar yadda kowa ke yi. Ya ce ai tana da suna tun kafin a gina zauren nan, in rubuta Mai-Rataya, in kuma rubuta cewa Iya Tsahara mai ɗiban zuma ce ta faɗa. Na rubuta.

Sai Magaji ya ɗaga hannu ya ce a share alkukin a kira masassaƙi ya mayar da sunan Barmo. Abin da na keta fadama domin sa ke nan, abin da na yi wata huɗu a gindin bishiya domin sa. Wani daga cikin masu shara ya taho. Baba ya ji ƙarar tsintsiya a daɓe, ya miƙa hannu ya tare bakin alkukin. Ya ce in leƙa cikin ganyen in gaya masa abin da na gani. Na kara madubin. Jaka ce mai launin toka, sabuwa, a rataye.

Na ce, “Ta yi ƙwai, Baba. Amma sunanka fa?”

Ya ce, “Sau biyu ana rushe mata gida saboda ni. Ku bar ta ta ƙyanƙyashe, sunan ya jira.”

Na yi masa faɗa a hanya, na yi masa a gida, ya ce in ba shi tuwonsa. 'Ya'yan suka ƙyanƙyashe, wasu suka zauna a gurbin suka yi nasu gidajen, kullum aka zo da maganar masassaƙi sai a tarar da sabuwar jaka a cikin ganye. Baba ya rasu da damina ta biyu. An daina share akwatuna a ƙofar zauren, sauran alkukan goma sha takwas kuma babu wanda ya ce komai a kansu, ni ce dai nake ambatar su duk ranar da na shiga, shi ya sa ba a son ganina.

Iyakar abin da na gani ke nan, na kuma rubuta shi da alƙalamin da aka ba Baba bai iya amfani da shi ba. Wanda ya je Kalgawai ya shiga Zauren Sunaye ya bi bangon hagu, alkuki na arba'in da ɗaya. Babu suna a ciki. Akwai ganye yana reto, ni kuma duk ranar kasuwa nake kai tururuwa.